Yatsun Ilyasu da Ƙaramin Jirgin Marcel

A Garwa, shekarun da ƙaramin babur ɗin nan mobilet ta cika gari, in aka ce Ilyasu makanike ba a ƙara tambayar wanne. Rumfarsa tana bakin unguwar Hausare, ƙarƙashin wata dalbejiya, kwano huɗu ne a kan sanduna da benci ɗaya da akwatin kayan aiki. Kakansa daga Kano ya zo da fataucin goro da yadi, ya ga gari ya karɓe shi ya zauna. Ubansa ya gaji rumfar yadi a babbar kasuwa, kowa kuma ya ɗauka shi ma can zai ƙare. Amma Ilyasu tun yana saurayi bai iya zama kan tabarma yana jiran mai saye ba. Da ya ji an tada inji a tasha sai hankalinsa ya bar kasuwar. Da uban ya gaji da faɗa, sai ya kama hannunsa ya kai shi garajin wani tsohon direban soja, ya ce, "Ga shi nan, tunda baƙin mai yake so a jiki."

Abin da ya fitar da shi a cikin makanikai kunne ne. Mai mobilet zai karyo kwana tun daga wajen masallaci, kafin ya sauke ƙafa Ilyasu ya riga ya ce, "Bujinka ya yi baƙi," ko kuwa, "Wa ya taɓa maka karbirato?" Masu lambu na bakin Binuwai kan ɗauko injin ban-ruwa a amalanke su kawo masa. Ya sa a tada, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma, ya murɗa wani ɗan ƙusa kwata ɗin zagaye, shi ke nan. Shekara ashirin da 'yan kai yana ci da wannan kunnen, ya yi aure, ya gina ɗaki uku a gidan gado, ya aurar da 'ya.

A bazarar 1979 sanƙarau ya shigo gari. Ilyasu na cikin waɗanda aka ɗauka ranga-ranga zuwa lopital, wato asibiti. Kwana goma sha biyu ya yi bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo ya ga matarsa Lauratu a gefen gado, bakinta yana motsi, hawaye na zuba, amma bai ji komai ba. Ya ɗauka raɗa take yi don kada ta tashi sauran majinyata. Sai da ma'aikacin jinya ya yar da kwanon ƙarfe a gabansa, ya ga kwanon yana tsalle a kan siminti shiru kamar auduga, sannan ya gane.

Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu ya dawo kaɗan bayan wata biyu, in an matso an ɗaga murya yakan kama magana, kamar wanda ya nutse a kogi ana kiransa daga gaɓa. Da ya ji ƙarfi ya koma rumfa. A mako na biyu wani malamin makaranta ya kawo mobilet, Ilyasu ya saita ta yadda ya saba, ya miƙa masa. Bayan azahar mutumin ya dawo yana tura ta da hannu, gumi ya jiƙa masa riga, injin ya yi zafi ya kama. Bai yi faɗa ba. Hasali ma haƙuri ya yi ta ba Ilyasu, yana dafa masa kafaɗa, kuma wannan haƙurin ya fi zagi ciwo. Ilyasu ya gyara masa abin da ya ɓata, ya kulle akwatin kayan aiki, ya sa aka kai masa gida.

Damina ta zo ta wuce yana zaune a zaure. Yayarsa Iyatu, wadda rumfar yadin mahaifinsu ta koma hannun mijinta, ta riƙa zuwa duk Juma'a da yamma. Mace ce mai murya, ita kaɗai ce ba ta sha wahalar yi masa magana.

"Ilu, zaman nan ya isa!" in ji ta. "Auna yadi ba ya bukatar kunne. Ka zo ka zauna a rumfar Baba, mai saye ya nuna da yatsa kai ka yanka. Bayan Babbar Sallah ina jiranka."

Ya ce to. Me zai ce? Amma duk ranar da ta tafi sai abinci ya gagare shi.

Saura kwana tara Sallah wani mutum ya yi sallama a ƙofar zauren, da wani dogon abu naɗe a zanen gado a kafaɗarsa. Sunansa Marcel, ɗan duwatsun wajen Mokolo ne, Kirista, yana aiki a ofishin duba yanayi na filin jirgin sama. Hausarsa ta kasuwa ce, da ya makale sai ya cike da Fulatanci ko Faransanci. An taɓa tura shi kos Faransa na wata goma, can ya faɗa cikin wasu masu tada ƙananan jirage a fili ran hutu, ya koyi tuƙa su, ya dawo da guda ɗaya da akwatin rediyon da ake sarrafa shi, har da takardar izni daga hukuma, domin a zamanin ba a wasa da duk abin da ke da eriya.

Ya warware zanen. Jirgi ne sosai, fari da jan layi, fukafukansa sun kai buɗewar hannun babban mutum, jikinsa na wani katako maras nauyi. A hancinsa ga inji da bai fi dunƙulen hannun jariri ba. Ilyasu ya yi niyyar kau da kai, amma idonsa ya ƙi.

Marcel ya durƙusa ta hagunsa, da alama an riga an gaya masa, ya ɗaga murya. Ya ce a Faransa jirgin nan yakan yi minti goma sha biyu a sama. Tunda ya zo Garwa bai taɓa cika minti biyu ba, injin sai ya mutu. Sau ɗaya ya faɗo ya karya wutsiya da farfela, wani kafinta ya gyara wutsiyar, ya kuma sassaƙa sabuwar farfela. Tun daga nan abin ya ƙara lalacewa.

"Malam Marcel," in ji Ilyasu, "ba a gaya maka ba ne? Wurin kurma ka kawo inji a ji maka?"

"An gaya mini, patron. Masu kunne uku na kai wa. Kowa ya murɗa allurar saita mai, ya ce ya yi, ya tashi ya mutu. Farfela ɗaya ta rage mini, fiffike ɗaya. Aka ce kai ka san ciki."

"A da ne na sani."

"To duba kawai. Ba sai ka taɓa ba."

Ilyasu ya ce a tada ya gani, don dai mutumin ya tafi.

Suka fita tsakar ƙofar gida. Marcel ya ɗura mai da wata roba, ba fetur ba ne, alkol ne, wato sifirit, aka haɗa da man zurma. Ya maƙala waya daga batir zuwa kan bujin, ya ce wa Ilyasu ya riƙe masa jirgin ta baya da hannu biyu kada ya tsere, sannan ya buga farfelar da guntun sanda. Sau huɗu, a na biyar ta ɓace ta zama inuwa. Kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo suna toshe kunne. Ilyasu bai ji komai ba sai wani siririn zuu daga nesa.

Amma hannuwansa sun ji. Jirgin gaba ɗaya yana karkarwa a tafinsa, kuma ba karkarwar lafiya ba ce. Cikin santsin gudun akwai wani bugu, kamar keken da ƙafarsa ta lanƙwashe, yana zuwa ta katakon ya shige masa ƙashin yatsu har gwiwar hannu. Shekara ashirin yana dafa injuna, ashe hannun yana koyon nasa karatun shi bai sani ba. Ya sunkuya ya dubi siririyar robar da ke kai mai, wadda ake ganin cikinta. Ƙananan kumfa ne ke bin ta jere kamar tururuwa. Bai ankara ba ya ji bakinsa yana cewa, "Kashe! Kashe shi!"

Marcel ya matse robar, injin ya tsaya.

"Ba allura ba ce," in ji Ilyasu. Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya nufa. "Farfelar nan ɓari ɗaya ya fi nauyi. Ita ke girgiza jirgin, man ya yi kumfa a tanki kamar an kaɗa nono, injin ya sha iska maimakon mai. Ko wa ya murɗa allura, haka zai mutu."

Marcel ya buɗe baki yana kallonsa. Ilyasu kuwa ya riga ya leƙa cikin gida yana kiran Lauratu ta miƙo masa akwatin nan da ke ƙarƙashin gado, da kofunan shayi guda biyu.

Ya kwance farfelar, ya zura mata wayar ƙafar keke ta ramin tsakiya, ya ɗora wayar a kan bakin kofunan biyu. Nan take ɓari ɗaya ya sunkuya ƙasa. Ya juya ta, wannan ɓarin dai ya sake sunkuyawa. Ya ɗauki reza ya fara kankare bayansa a hankali, abin da ke fita bai fi garin da ke maƙalewa a yatsa ba. Ya ɗora, ya duba, ya kankare. Tun hantsi har aka kira azahar yana wannan. Marcel ya zauna kan dakali, aka kawo masa kunu ya sha, Ilyasu ya je masallaci ya dawo ya ci gaba. Wajen la'asar farfelar ta tsaya a kwance kan wayar, duk inda aka bar ta nan take zama. Ya shafa mata jan farce na 'yarsa don kada mai ya shiga katakon, ya sake aunawa. Sannan ya yanko soso daga tsohuwar katifa ya naɗe tankin da shi, ya mayar.

"Gobe ka dawo," ya ce. "Ban gama da shi ba. Da na riƙe shi na ji bayansa ya yi nauyi."

Washegari Marcel ya zo da littafin jirgin, ya nuna masa wani zane: in an ɗora jirgin kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen sulusin faɗinsa daga gaba, ya kamata ya tsaya daidai, hanci ya ɗan sunkuya. Ilyasu ya sa manunansa biyu ya ɗaga. Wutsiya ta yi ƙasa kamar jakin da aka yi wa lodi a kuturi. Kafintan ya yi aiki mai kyau, sai dai da katakon maɗaci ya yi, ga manne ya zuba ba tausayi.

"Shi ya sa yake ɗaga kai kamar doki mai gardama!" in ji Marcel. "Ina danna shi yana tashi, in injin ya mutu sai ya juya ya faɗo."

Ilyasu ya fasa wani mataccen batirin mota, ya narka dalmarsa a gwangwanin sardin a kan gawayi, ya zuba ta zama 'yan fale-fale. Ya riƙa ɗora su kan hancin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa da yatsu, har a na huɗu jirgin ya daidaita, ya ɗan duƙar da kai kamar mai gaisuwa. Ya ɗaure dalmar can ciki da ƙusa, ya girgiza ya tabbata ba ta motsi. Ya kuma rataye jirgin da zare ta hanci da wutsiya, ya ga fiffiken hagu yana rinjaya, ya soka ƙaramar ƙusa ɗaya a bakin na dama.

Saura allura, kuma nan ne wuyar take, domin wannan aikin kunne ne tun asali. Aka tada. Ya ɗora yatsu uku a jikin jirgin daf da injin, ɗaya hannun a kan allurar. Ya buɗe ta, ya ji bugun ya yi kauri yana tangaɗi, hayaƙi fari ya turnuƙe, mai yana fantsamo masa a hannu. Ya riƙa rufewa haƙori ɗaya ɗaya. Karkarwar ta yi ta sirancewa har ta zama kamar tsit, santsi guda, hayaƙin ya kusan ɓacewa. Marcel ya ɗaga babban yatsa yana murna, wai nan ne, nan ne sauran ma suka tsaya. Ilyasu ya girgiza kai. Ya kai bayan yatsa kusa da kan injin ya ji zafin, ya mayar da allurar baya haƙori uku, har wani siririn hayaƙi ya dawo.

"Ƙarfinsa ya ragu kaɗan!" Marcel ya yi masa ihu a kunne.

"Bar shi. Nan ba Faransa ba ce. A zafin Garwa in ka hana shi mai, kansa zai ci. Ɗaga hancinsa sama."

Marcel ya ɗaga jirgin tsaye, hanci yana kallon sama. Ilyasu ya bar yatsunsa a jiki yana ƙirga numfashi. Goma, ashirin. Santsin bai canza ba.

Ran Asabar bayan la'asar suka hau mobilet ɗin Marcel, Ilyasu a baya rungume da jirgin, suka fita hanyar Pitowa zuwa wani fako mai faɗi da ruwan Binuwai ya janye ya bari. Babu kowa sai wani Bafulatani da shanunsa can nesa, da wasu mata uku da suka sauke itace suka tsaya kallo. Ilyasu bai gaya wa kowa a gida inda za shi ba.

Aka tada, ya sake dafawa sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya saki. Jirgin ya ruga a ƙasa, ya ɗaga, ya hau sama a miƙe ba tare da ya yi wannan tsallen na gardama ba. Marcel ya riƙe akwatin rediyon a ƙirji, manyan yatsunsa kan sandunan, ya karkata shi hagu ya zagayo. Matan nan suka yi guɗa, Ilyasu ya ga bakunansu.

Daga nan fa wahalarsa ta fara. Jirgi yana hannu yana jin sa, yanzu kuwa ya yi nisa, ba shi da abin riƙewa sai siririn hayaƙin da ke bin bayansa kamar zare. Ya kafa wa zaren ido. In jirgin ya shiga hasken rana ya ɓace masa, sai ya dubi fuskar Marcel. Ya ga ya ciji leɓe, bai san ko na tsoro ba ne ko na jin daɗi. Minti biyun nan da aka ce ba ya wucewa, Ilyasu bai san ko sun cika ba, ba shi da agogo. Ya tuna malamin makarantar nan yana turo mobilet cikin rana. Ya ce a ransa, in wannan ma ya faɗo, to ranar Litinin zai je ya karɓi almakashin yadi, ba zai ƙara duban inji ba.

Jirgin ya yi ta zagaye. Ya bi ta kan shanu, ya dawo, ya hau har ya zama kamar shirwa, ya sauko. Can sai zaren ya yanke. Ilyasu ya murza ido ya sake dubawa. Babu hayaƙi. Da jirgin ya gifta ta gabansu ya ga farfelar tsaye cak.

"Innalillahi," ya ce, ya dafe kai.

Amma jirgin bai juya ba, bai faɗo ba. Ya ɗan sunkuyar da hanci ya taho a hankali yana shawagi, ya yi kwana mai faɗi, ya miƙo, ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, ya yi ɗan tsalle ɗaya, ya gangara ya tsaya kamar taku talatin daga inda suke.

Ilyasu bai motsa ba. "Ya mutu," ya ce. "Ya sake mutuwa."

Marcel ya ajiye rediyon a ƙasa, ya kamo shi ta wuyan hannu ya ja shi har wurin jirgin. Ya buɗe murfin jirgin, ya zaro tankin daga cikin soson, ya ɗaga masa a hasken rana. Ko ɗigo babu. Sannan ya tura masa agogonsa a gaban ido, ya sa baki a kunnensa na hagu.

"Minti goma sha uku, patron! Mai ne ya ƙare! Ya shanye tas!"

Ilyasu ya karɓi tankin ya jujjuya shi. Ya taɓa kan injin, da ɗumi amma ba zafin ƙuna ba. Sai ya zauna daɓas a kan fakon. Ya sauke wata ajiyar zuciya da ta yi wata bakwai a ƙirjinsa, ya ce alhamdulillahi ya fi sau goma. Marcel yana ta tsalle yana surutu da yaren duwatsunsu, ya manta ma ba wanda ke ji. Bafulatanin ya ƙaraso da sandarsa a kafaɗa, ya leƙa cikin jirgin ta ko'ina, ya tambaya ina matuƙin yake zama. Da Marcel ya maimaita wa Ilyasu tambayar, dariya ta kama shi har da hawaye, ta farko tun fitowarsa daga lopital.

Sau biyu suka ƙara tashinsa kafin rana ta yi ja.

Bayan Sallah da kwana biyu Iyatu ta je gida ba ta same shi ba, Lauratu ta nuna mata hanyar dalbejiya. Ta tarar da shi durƙushe, tafin hannu a kan injin wata mobilet, ido a kan salansa. Ta tsaya ta kama ƙugu.

"Ilu! Haka muka yi da kai?"

"Yaya, ki yi haƙuri. Ki ba wani wurin."

Ta daɗe tana kallonsa, da baƙin man da ya dawo masa ƙarƙashin farce. "To Allah ya taimaka," ta ce. "Amma ka riƙa cin abinci, ka rame kamar kara."

Kunnen bai dawo ba har ƙarshen ransa, kuma ba dukan masu mobilet ne suka komo ba. Wasu sun riga sun saba da wasu rumfunan, wasu kuma ba su yarda da makaniken da sai an yi masa ihu ba. Aikinsa ya ƙara jinkiri, domin yanzu sai ya dafa, ya dubi hayaƙi, ya kwance buji ya ga launinsa, kafin ya ce komai. Masu lambu dai ba su damu da jinkiri ba, su suka fara dawowa, suka jawo wasu. Marcel ya ci gaba da zuwa duk Asabar har aka yi masa canjin aiki zuwa Ngaundere bayan shekara biyu, ya tafi da jirginsa.

Shekarar da ruwa ya fara taruwa a bayan madatsar Lagdo, masunta suka cika wurin da kwale-kwale masu inji, babu mai gyara na kirki. Wani daga cikinsu, Dawuda, ya zo har Garwa ya ɗauke shi. Daga nan ya zama duk Alhamis Ilyasu yana can. Yakan tuɓe takalma ya shiga kwale-kwalen, ya zauna kusa da injin ya shimfiɗa tafin ƙafa a kan katako, ya ce a ja su tsakiyar ruwa. Masuntan suka koyi yi masa magana da hannu, shi kuma yana ba su amsa da muryar da ake ji har gaɓa.